Gayyar da Ba Mu Yi wa Lawali Ba

Da sallar layya ta bara, kuna zaune a tsakar gida kuna suyar nama, na ji Zainabu tana gaya wa mijinta wai da ba don taurin kan Baba ba, da yanzu Yaya Nura yana Turai yana buga ƙwallo, mu kuma muna cikin gidan bene. Kowa ya yi dariya, har shi Nuran. Ni ina zaure, ta ɗauka ban ji ba. To na ji, Zainabu. Kunnen tela ya saba tsintar magana ta cikin ƙarar keken ɗinki. Ban tanka ba a ranar saboda akwai suruki a gida, amma tunda na zauna rubuta muku rayuwata, gara ku ji wannan daga bakina kafin ku gama ji daga bakin 'yan majalisar bakin titi. Zancen Turai kam ban sani ba, yayanku yana da gudu, amma ƙafarsa ta hagu ta zuwa masallaci ce kawai. Abin da yake gaskiya shi ne na tsaya a gaban mutane na faɗi magana guda, maganar nan ta fitar da ƙungiyarmu daga gasa ana saura wasan ƙarshe, ta kuma rufe wa ɗana wata ƙofa da ba ta sake buɗewa ba. Ga yadda aka yi.

Mu biyu muka kafa ƙungiyar Guguwa a nan Birnin Gwari, ni da Yohanna, mutumin Kakangi. Shi ya san ƙwallo, ni na san mutane, kuma ni ke ɗinka wa yara riguna da ragowar yadin masu kawo ɗinki, har akwai shekarar da muka fita fili kowa da kalar hannun rigarsa. Shi ne koci, ni aka maƙala wa ciyaman. Ran Lahadi sai mu jira shi ya fito coci, ran Juma'a shi ya jira mu, ba mu taɓa samun saɓani a kan wannan ba. A wancan lokacin gasar gundumomi tana da doka ɗaya da kowa ya rantse a kanta: ba a biyan ɗan wasa kuɗi. A ba shi fura, a ba shi riga, a biya masa mota zuwa Kuyello, amma kada kwabo ya shiga hannunsa don ya buga. An kafa dokar ne tun wata shekara da wani attajiri ya ɗauko 'yan haya daga Kaduna, aka tashi wasa da jifa da sanduna. Duk ƙungiyar da aka kama ta biya, ta fita ke nan, ba roƙo ba ban haƙuri.

To amma gasar da damina ake yin ta, lokacin hutun makaranta, kuma wane uba ne zai saki ƙato ya tafi bin ƙwallo ga ciyawa tana cin masara? Nan Yohanna ya kawo dabarar da ta riƙe mu shekara da shekaru. Ya ce tunda ba a biya da kuɗi, mu biya da fartanya. Kowane ɗan wasa yana da rana guda a damina, ranar da ƙungiya gaba ɗaya za ta yi wa gonar gidansu gayya. Mu fita da sassafe, Yohanna a gaba yana ihu yadda yake yi a fili, ni a baya ina haki, kafin azahar an share gonar da mai ita zai yi makonni yana fama da ita. Uwar gida ta kawo kunu da ɗumame, a ci a tashi. Iyayen da suke zaginmu 'yan iskan gari suka koma su ke kawo mana 'ya'yansu da hannunsu. Yohanna kan ce gayyar nan ta fi duk wani atisaye, don wanda ya huɗa kunya kusa da kai tun safe ba zai hana ka ƙwallo da yamma ba. Kuma gayya ba kyauta ba ce, wannan ku riƙe shi da kyau. Wanda ya yi maka, kai ma sai ka yi masa.

Lawali shi ne golanmu. Dogo ne, marar magana, maraya, yana zaune a gari wajen kawunsa, mahaifiyarsa da ƙannensa kuma suna wani ɗan ƙauye gaba da Dogon Dawa, gonarsu tana jingine da daji. Da yake tasu ta fi nisa, shi da bakinsa ya ce a bar shi ƙarshe a wannan shekarar. Haka ya bi mu gona gona, bai tsallake ko ɗaya ba, har tamu ta bayan gari. Ni shaida ne, kunyarsa ta fi ta kowa tsawo. Ana saura kaɗan ranarsa ta zo, mutanen daji suka shiga ƙauyensu. Allah ya tsare mahaifiyarsa da yaran, suka iso gari da ƙafa, da tabarma da tukunya ɗaya. Masara kuwa tana can ta kai gwiwa, tana jiran maimai, kuma ita ce abincinsu na shekara.

Bayan kwana biyu ya zo shago ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba Ciyaman, ranata ta zo."

"Na sani, Lawali. Amma ka ga yadda hanyar take."

"Na gani. In ba za a samu zuwa ba, ba komai. Ni zan je."

"Kai kaɗai? Gonar nan kai kaɗai ai sai ka yi makonni."

"To ya zan yi, Baba? Yara za su ci abinci."

Bai ɗaga murya ba, bai ce mun ci amanarsa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na san yaron. In ya ce zai je, zai je, ya yi ta kwana a bukkar gona shi kaɗai a wurin da ko masu bindiga ba sa son tsayawa.

Yohanna ya ce mu je. Ya ce mu roƙi 'yan sa-kai su raka mu, mu fita da asuba, kafin rana ta yi zafi mun juyo. Ya ce ranar da muka bar gayyar mutum ɗaya ta faɗi, Guguwa ta mutu, don gobe kowa zai samo nasa dalilin. Wallahi har na fara karkata, don maganarsa gaskiya ce. Innarku ce ta dawo da ni. Tana tankaɗe a ƙofar ɗaki ina ba ta labari, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, su yaran nan iyayensu ƙwallo suka ba ka su yi, ko daji suka ba ka ka kai su?"

"Ai haƙƙin yaro ne a kanmu."

"Ban ce ba haƙƙi ba ne. In za ka kai 'ya'yan mutane, ka sa naka a gaba. In ka iya, bismilla."

Na dubi Nura yana bakin rijiya yana wanke takalman ƙwallonsa, yana shafa musu man gyaɗa kamar amarya, na san ba zan iya ba. Abin da ba zan iya yi da nawa ba kuwa, ba zan yi da na wani ba.

Sai muka koma neman wata hanya. Na bi gari ina neman gonar aro kusa da gida mu noma masa, ashe duk wani ɗan fili da za a iya kafa fartanya 'yan gudun hijira sun riga mu, kuma lokacin shuka ya wuce. Yohanna ya ce to a yi karo-karo a kai wa mahaifiyarsa a matsayin taimako, doka ba ta hana sadaka ba. Muka kira Lawali muka gaya masa. Ranar na fara ganin ransa ya ɓaci.

"Koci, ni bara na zo yi?"

"Wa ya ce bara? Taimakon 'yan'uwa ne."

"Tun da suka iso ake kawo wa Inna tsofaffin zannuwa da ragowar tuwo, tana godiya tana kuka. Wannan ya ishe mu. Ni na yi wa kowa noma. In haƙƙina ne a ba ni, in sadaka ce a kai masallaci, akwai mabuƙata."

Kada ku ce girman kai ne. Mutumin da ya rasa gida da gona cikin yini ɗaya, abin da ya rage masa shi ne sanin cewa shi ba mabaraci ba ne. In ka ƙwace wannan, ka gama da shi.

Na yi ta juya abin a kan keke, har na ɗinke wa wani bawan Allah aljihu a bayan riga. Daga ƙarshe na tara yara a fili na ce musu, kowa a cikinku Lawali yana bin sa yini guda na noma. Tunda ba za mu iya kai masa yinin ba, kowa ya kawo abin da ake biyan ɗan ƙwadago a yini, mu ba shi a matsayin ladan aikinsa. Yohanna ya ja ni gefe, idonsa ya kaɗa.

"Tela, ka san abin da kake yi? Gayyar nan ladan ƙwallo ce, kowa a gundumar nan ya sani. Ka mai da ita kuɗi, ka biya ɗan wasa ke nan."

"In kiɗa ya canza, Koci, rawa ma canzawa take yi."

"Kai dai ka ce ka gaji da rawar."

Yara suka kawo, wani a ranar, wani bayan cin kasuwa. Mutum ɗaya ne ya ƙi, shi ne yayanku. A lokacin mun riga mun kai wasan ƙarshe, abin da ba mu taɓa yi ba, kuma labari ya zo cewa wani mai ɗibar yara zuwa ƙungiyoyin Kaduna zai zo kallo, Nura ne ma aka kwatanta masa. Ya ce shi ba zai sa hannu a abin da zai kore mu ba. Ban yi masa faɗa ba, na zuba nasa daga aljihuna. Da na miƙa wa Lawali kuɗin a gaban kowa, na ce wannan ladan gayyarka ne, ba kyauta ba ce, sai ya riƙe hannuna bai karɓa ba tukuna.

"Baba Ciyaman, in an tambaye ka a gaban mutane, haka za ka faɗa?"

"Haka zan faɗa."

Sannan ya karɓa.

Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a garin da kowa ke sayen tsire wuri ɗaya. Ƙungiyar da muka fitar a wasan kusa da na ƙarshe ta kai ƙara, kwamitin gasa ya kira mu. Da safen ranar Nura ya same ni ina buɗe shago. Ya tsuguna, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Baba, don Allah. Ka ce taimako ne. Kowa zai yarda, su ma so suke ka faɗi haka."

"Na yi wa yaron nan alkawari."

"Ni fa? Ni ba ɗanka ba ne?"

Na ce masa ya tashi ya taya ni fito da keke, ya tashi ya fito da shi, ya tafi.

A wani aji na makarantar firamare aka zauna, manya a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna taɓa haɓa. Shugaban kwamitin tsohon hedimasta ne, mutumin kirki, ni nake ɗinka masa kayan sallah. Da zan shiga na ga keken Lawali jingine da bishiyar darbejiya, an ɗaure fartanya da ƙullin gari a bayansa. Shi kuma yana tsaye a bakin taga, hannunsa a kan aljihu. Bai taɓa kuɗin ba. Na gane nufinsa sarai: in na ce sadaka ce, zai ajiye su a kan tebur ya hau kekensa ya nufi Dogon Dawa.

Hedimasta ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya gyara tabarau ya shimfiɗa mini tabarma da bakinsa.

"Malam Isiyaku, duk mun san abin da ya sami iyalin yaron nan. Ina jin gudummawa kuka haɗa wa mahaifiyarsa, irin wadda kowane mai imani zai yi. Ko ba haka ba?"

Yohanna yana gefena yana taka mini ƙafa. Ta ɗaya tagar ina hango Nura da sauran yara. Na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ba gudummawa ba ce. Yaron nan ya yi mana aiki, mun biya shi haƙƙinsa."

"Ka sake tunani, Malam Isiyaku."

"Biya ne, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga. Sannan ya ce doka doka ce, kuma shi ma ya rantse a kanta. Ban ga laifinsa ba, ban kuma taɓa gani ba. Da na fito, Lawali yana kwance fartanya daga bayan keke. Bai ce na gode ba, ni ma ban so ya ce ba, don ba a yi wa mutum godiya a kan ya ba ka abinka.

Ranar wasan ƙarshe ina shago, ihun fili yana zuwa mini har kan keke. Mutumin Kaduna ya zo, ya ɗauki wani yaro daga ƙungiyar da ta maye gurbinmu, ya tafi da shi. Nura bai sake taka ƙwallo ba. Ya shiga koyon walda, ya yi aure, ya haifa mini jikoki, bai taɓa yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Amma ya daina cin abinci tare da ni. Da mu biyu muke sa hannu a kwano ɗaya tun yana ƙarami, daga ranar sai ya riƙa cewa ya ƙoshi, ko ya ɗauki nasa ya fita. Innarku ta yi magana har ta gaji. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, kuma na fi son a ce zagina ya yi.

Yohanna kuwa ya bar gaishe ni na tsawon lokaci. Kuma ku ji, abin da ya hango ya faru. Ba a jima ba masu sayen gwal suka shigo harkar ƙwallo da kuɗinsu, suka ce ai Guguwa ma ta biya, dokar ta zama ta baka kawai. Yau yaro ba zai ɗaura takalmi ba sai ya ji nawa ne, gobe kuma ka gan shi a rigar wata ƙungiya. Gayyar 'yan wasa ta mutu, Guguwa ta bi ta. Da zai kwashe iyalinsa zuwa Kaduna ya biyo ta shago, ya zauna a bencin da ya saba zama, na aika aka kawo masa shayi.

"Tela, ka kashe mana ƙwallo."

"Na sani, Koci."

"Amma da mun je, da aka taɓa yaro ɗaya, da ni ban san inda zan sa kaina ba."

Iyakar sulhunmu ke nan, kuma ya ishe ni. Ba zan ce muku da mun je da an kwashe mu ba, wannan Allah kaɗai ya sani. A daminar nan wasu sun shiga gonakin wajen sun fito lafiya har sun girbe masara. Wasu sun shiga, iyalansu suna jira har yau. Lawali dai da kuɗin nan ya sayi tsohuwar kura da jarkoki ya shiga sayar da ruwa, gari ya cika da baƙi kowa yana neman ruwa, da ita ya ciyar da ƙannensa har suka tasa. Masarar can ciyawa ta cinye ta.

Da aka ɗan sami sauƙi hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa ƙauyukansu. Da farkon daminar bana Lawali ya ce zai je ya tada gonar ubansa, wadda ta koma saura, har itatuwa sun fito a ciki. Ana gobe zai tafi, da hantsi, sai ga Nura a ƙofar shago da kayan aikinsa duk baƙin mai.

"Baba, ara mini fartanyarka da gatari."

"Ina zuwa?"

"Dogon Dawa. Gonar Lawali."

Sauƙi aka samu, ba a ce an gama ba. Na tuna maganar Innarku ta ƙofar ɗaki, cewa in sa nawa a gaba. Ga shi nawan ya sa kansa.

"Ai an biya shi, Nura. Tun tuni aka biya shi."

"Kowa ya biya, Baba. Ni ban biya ba. Kai ka zuba, amma ba kai kaɗai ya yi wa noma ba, ni ma na ci tuwon gonar nan."

Na shiga gida na ɗauko fartanyar, na duba ƙotarta ko ta yi sako-sako, na miƙa masa. Washegari ban ɗinka ko maɓalli ba, ina zaune a ƙofar shago ina kallon hanya. Da la'asar sakaliya suka shigo a kan babur, shi da Lawali, jikinsu duk ƙasa. Hannun mai walda ne amma ya manta fartanya, tafinsa duk ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe. Innarku ta kawo mini tuwo zaure kamar kullum, ta juya za ta zuba masa nasa.

"Inna, bar shi," in ji Nura.

Ya jawo buta ya wanke hannu, yana cije leɓe saboda zafin ruwa a kan ciwo, ya matso ya zauna a gabana. Na tura masa kwanon tsakiya.